Yadda Ƙungiyar Mahaya Keke Za Ta Haɗa Lissafin Tafiyarta Ta Shekara

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kekuna da yawa da suka daɗe jingine a soro suka sake ganin titi. Malamin makaranta ya karkaɗe nasa, ɗalibi ya gaji na yayansa, mai shago ya kai tsohuwar Phoenix ɗinsa wurin mai faci aka tashe ta. Ga kuma matasan da ke fita atisaye rukuni-rukuni da sanyin safiyar Asabar ko Lahadi. Duk inda mahaya keke suka haɗu suka zama ƙungiya, ko ta unguwa ce, ko ta makaranta, ko ta wurin aiki, idan shekara ta zo ƙarshe sai wani ya tambaya: shin kilomita nawa muka yi bana? Nan kowa zai fara kawo adadi daga ka. Wannan ya ce ya yi dubu biyar, wancan ya rantse ya ninka haka, a tashi babu abin da aka riƙe.

Lissafin da za a yarda da shi yana bukatar ƙa'ida guda da kowa ya amince da ita, da awo na gaskiya, da rubutu a kan kari. Ga yadda za a bi.

Ku tsayar da ƙa'ida kafin a taka feda

Tun ran gini tun ran zane. Ku zauna tun farko ku yanke abubuwa huɗu, ku rubuta su a shafin farko na littafin ƙungiya.

Na farko, ma'auni. Ku tsaya a kan kilomita. Dattawanmu da yawa har yanzu da mil suke magana, wasu wayoyin ma da mil suke zuwa. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, saboda haka wanda ya kawo mil 100 sai a rubuta masa kilomita 161. Idan aka gwamutsa biyun a shafi guda, lissafin ya lalace tun daga tushe.

Na biyu, ranar farawa da ranar rufewa. Mafi sauƙi shi ne 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Ƙungiyar da ta fi son bin shekarar Hijira daga Muharram ba ta yi laifi ba, sai dai ta sani shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma ko sha ɗaya, don haka kada ta gwada adadinta da na masu bin ɗayar ba tare da tuna wannan ba.

Na uku, abin da ya shiga lissafi da abin da bai shiga ba. Tafiyar da ka yi da ƙafarka a kan feda ita ake ƙirgawa. Idan taya ta yi faci a hanya ka ɗora keken a mota, wannan nisan na direba ne. Keken motsa jiki da ke kafe a ɗaki da keke mai batir, kowanne a ba shi gurbinsa daban, kada a zuba shi cikin babban adadi.

Na huɗu, a raba tafiya gida biyu: ta bukata da ta nishaɗi. Tafiyar bukata ita ce zuwa aiki, makaranta, kasuwa, gona, masallaci, asibiti, zumunci, wato duk inda da babu keken da sai ka nemi abin hawa ko ka taka. Tafiyar nishaɗi ita ce atisaye da tsere da yawon ganin gari. Wannan rabon shi ne zai ba adadinku amfani a ƙarshen shekara.

Kada a raina mai zuwa aiki

Kuskuren da ya fi yawa a ƙungiyoyin keke shi ne a ɗauka masu sa riga mai ɗamewa da hular kwano ne kaɗai ke da abin rubutawa. Mai tsohon keke da kariya a baya sai ya ce, "Ni ina nake zuwa? Daga gida ne kawai zuwa wurin aiki." To, mu lissafa.

A ce tsakanin gidansa da wurin aiki kilomita 6 ne. Zuwa da dawowa 12 ke nan. Kwana biyar a mako, 60. Idan aka cire masa makonni shida na hutu da rashin lafiya da ranakun da ruwa ya hana fita, saura makonni 46, ya yi kilomita 2,760. Shi kuwa wanda ke fita ranar Lahadi ya yi kilomita 50, idan ya samu fita makonni 40 a shekara, adadinsa 2,000 ne. Mai kariya ya wuce shi ba tare da ya taɓa barin gari ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka sakataren ƙungiya ya fi mai da hankali a kan waɗannan mutane. Su ne ba sa ɗaukar hoto, su ne ba sa kunna waya kafin su hau, kuma tafiyarsu ce ta fi saurin ɓacewa daga lissafi.

Hanyoyi uku na awo

Hanya ta farko ba ta cin ko kwabo, kuma ita ta fi dacewa da mai bin hanya ɗaya kullum. A auna hanyar sau ɗaya, daga nan sai ƙirga ranaku. Ana iya aunawa a Google Maps, amma a zaɓi hanyar masu tafiya a ƙafa, domin hanyar mota takan yi zagaye alhali mai keke yana yankewa ta lungu. Ana kuma iya roƙon wani mai babur da mitarsa ke aiki ya bi hanyar. Idan an samu adadin, sai mahayi ya rataya kalanda a ɗaki, duk ranar da ya je ya dawo ya ja layi. Ranar da ya je da keke amma ya baro shi can, rabi zai rubuta. Wanda yake da wurare uku ko huɗu da ya saba zuwa, a auna masa kowanne, ya riƙa sa harafin farko na sunan wurin a kan ranar.

Hanya ta biyu ita ce ƙaramar mitar keke da ake ɗaurawa a hannun keke. Aikinta mai sauƙi ne: ana maƙala ɗan maganaɗisu a ɗaya daga cikin wayoyin ƙafar gaba, duk zagayen da ƙafar ta yi sai mitar ta ƙirga, ta ninka da tsawon zagayen tayar. Nan ne ake yin kuskure, domin mitar ba ta san girman tayarka ba sai ka gaya mata. Taya mai inci 28 ta manyan kekuna irin Raleigh da Phoenix na da tana cin kusan mita 2.2 a zagaye guda. Ta keken hawan tsauni mai inci 26 tana cin kusan mita 2.05. Siririyar tayar keken tsere, wadda ake rubuta wa 700x25, tana cin milimita 2,105. Idan aka bar mitar a kan 2,200 alhali tayar 2,050 ce, za ta riƙa ƙara wa mai ita kusan kashi 7 cikin 100. Wanda ya yi kilomita 3,000 sai ta nuna masa kusan 3,220, ya karɓi yabon da bai yi wa gumi ba.

Maganin wannan alli ne da tef ɗin awo. Ka sa wa tayar iska kamar yadda ka saba, ka juya ta har bawul ya zo ƙasa daidai, ka yi alama a siminti. Ka hau, wani ya riƙe ka, ka gangara a miƙe har bawul ya sake dawowa ƙasa, ka yi alama ta biyu. Tazarar da ke tsakanin alamomin, a milimita, ita za ka shigar. Idan kana son ƙarin daidaito ka yi zagaye uku ka raba uku. Duk lokacin da aka canja taya da wata mai girma daban, a sake awon. Sannan a rubuta abin da mitar ke nunawa a ƙarshen kowane mako, domin wasu mitocin sukan koma sifili idan aka cire batir.

Hanya ta uku ita ce waya. Manhajoji irin su Strava, wadda aka fara a 2009, suna bin sawun tafiya ta tauraron ɗan'adam, suna tara adadin mako da wata da shekara da kansu, kuma suna da wurin da za ka nuna cewa wannan tafiyar ta zuwa aiki ce. Ɗaukar tafiyar ba ya bukatar data, sai lokacin ɗora ta. Amma waya tana da nata halin. Tana cin caji. Idan tsarin tattalin batir yana kunne takan katse a tsakiyar hanya, ta ja miƙaƙƙen layi daga inda ta yanke zuwa inda ta farfaɗo, ta cinye maka nisa. Idan kuma ka isa ka manta ba ka kashe ba, ka shiga adaidaita sahu da yamma, duk za ta rubuta maka a matsayin feda. Tafiyar da ta nuna gudun kilomita 60 a awa a shimfiɗaɗɗen titin cikin gari, sakatare ya tambayi mai ita cikin raha.

Kowane mamba ya zaɓi hanya ɗaya ya tsaya a kanta. Mai mita da waya duka biyu ya ware wadda za a riƙa karɓa, kada a ƙirga tafiya ɗaya sau biyu. Wanda kuma ba shi da ko ɗaya ranar wata tafiya ta musamman, ana iya yi masa ƙiyasi da lokaci: tafiyar cikin gari a kan babban keke takan kama kilomita 12 zuwa 15 a awa. A sa alama a gefe cewa ƙiyasi ne.

Littafi da mai riƙe shi

Lissafin nan kamar adashi ne: idan ba a zuba a kan kari ba, ranar ɗauka rigima ce. Ku ware rana ɗaya a mako, misali Juma'a da yamma, kowa ya miƙa adadinsa. Mutum yana iya tuna inda ya je cikin kwana bakwai. Bayan wata guda kuwa, abin da zai kawo rabi tunani ne rabi fata.

Babban littafi mai layi-layi ya wadatar. Kowane mamba shafi biyu, kowane mako layi ɗaya, da gurabe biyar: makon, ranakun da aka hau, kilomitar bukata, kilomitar nishaɗi, da bayani. A gurbin bayani ake rubuta abubuwa irin su "an sa sabuwar taya", "zazzaɓi", "ruwa ya yanke hanya", "azumi". Idan akwai mai kwamfuta ko mai iya aiki da Google Sheets, ya riƙa kwafewa duk ƙarshen wata, amma kada a jefar da littafin. Waya takan ɓace, kalmar sirri takan shige wa mutum.

Masu aikowa ta WhatsApp su bi tsari guda gajere: suna, ranaku, bukata, nishaɗi. Kada a haɗa da gaisuwa da hotuna a zauren da ake hira, domin saƙon zai nutse. A buɗe zaure na musamman don adadi kawai. Dattijon da ba shi da babbar waya ya ba da nasa da baki ko a takarda. A Jamus akwai gasar da ake kira Stadtradeln, wadda aka fara a 2008, inda garuruwa ke tara kilomitar mazaunansu na kwana 21 a jere tsakanin Mayu da Satumba. Duk da ci gabansu, wanda ba ya amfani da intanet yana cike takarda ya miƙa wa mai kula da gasar a garinsa. Idan su ba su raina takarda ba, mu ba mu da dalili.

Makon da mutum bai kawo komai ba, a bar gurbin fayau. Makon da ya ce bai hau ba, a rubuta sifili. Biyun ba ɗaya ba ne, kuma bambancin zai yi amfani ranar haɗa jimilla.

Shaida da amana

Tun da daɗewa masu ƙirga tafiyar shekara suka san cewa adadi yana bukatar shaida. A 1939 wani Baturen Ingila mai suna Tommy Godwin ya yi mil 75,065 cikin shekara guda, wato kusan kilomita 120,800. Idan aka raba, kusan kilomita 330 ke nan kowace rana, fiye da nisan Kano zuwa Kaduna, babu hutun kwana ɗaya a lissafin. An yarda da adadinsa ne saboda mitarsa a rufe take da hatimi, kuma mutanen da ya tarar a hanya suna sa masa hannu a kati. Bajintar ta tsaya har Janairun 2016, lokacin da Ba'amurke Kurt Searvogel ya kammala mil 76,076. A Mayun 2017 kuma wata Ba'amurkiya, Amanda Coker, ta rufe shekararta da mil 86,573 a jihar Florida.

Ƙungiyar unguwa ba ta bukatar hatimi. Amana ce ginshiƙinta, sai dai a tallafe ta da ƙa'ida mai sauƙi da ta hau kan kowa: duk tafiyar da ta wuce kilomita 80 a rana, a kawo hoton mita, ko sawun waya, ko sunan abokin tafiya. Idan ƙa'idar a rubuce take tun farko, babu wanda zai ji an zarge shi. Kuma ku guji sa kuɗi mai yawa a matsayin kyautar wanda ya fi kowa nisa. Ranar da kyauta ta yi tsoka, ranar adadi zai fara kumbura.

Ranar haɗa jimilla

Idan shekara ta cika, mutum biyu su haɗa lissafin kowa daban, sannan su gwada. Ku fitar da adadi huɗu: jimillar ƙungiya, jimillar tafiyar bukata, jimillar ta nishaɗi, da yawan ranakun da aka hau.

Ku yi hattara da matsakaici. A ce mambobi biyar sun kawo 600, 900, 1,100, 1,400 da 9,000. Jimilla 13,000, idan aka raba biyar ya ba da 2,600, alhali mutum huɗu cikin biyar ba su kai ko kusa da haka ba. Abin da ya fi nuna gaskiyar ƙungiya shi ne a jera adadin daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, wanda a nan 1,100 ne. Ku sanar da duka biyun. Wanda ya shigo a tsakiyar shekara, kilomitarsa ta shiga jimilla, amma a cire shi daga wannan jerin.

Babban adadi ba ya shiga kai sai an jingina shi da abin da aka sani. Zagayen duniya ta tsakiyarta kilomita 40,075 ne. Mutum 30 da kowanne ya yi 1,400 sun haɗa 42,000, sun zagaye duniya ke nan har da rara. Wannan magana ce da yaro da babba za su riƙe.

Wajen karramawa kuma, kada a tsaya a kan nisa kaɗai. A yaba wa wanda ya fi yawan ranakun hawa, da wanda ya fi kilomitar bukata, da wanda ya fi ƙaruwa a kan bara, da wanda bai taɓa fashin kawo adadi ba. Ta haka ɗalibi da dattijo da mai keken tsere kowa zai ga inda zai iya fitowa.

A kiyaye sirrin hanya

Sawun da waya ke ɗauka yana nuna ƙofar gidanka, da lokacin fitarka, da lokacin dawowarka, da irin keken da kake da shi. A farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta tafiye-tafiyen masu amfani da ita tana bayyana sansanonin soja a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan, domin sojojin suna motsa jiki da manhajar a kunne. Idan sansanin soja ya tonu ta wannan hanya, gidan mutum ba wuya. A halin tsaron da muke ciki wannan ba abin wasa ba ne. Kowane mamba ya shiga saitin sirri ya ɓoye farko da ƙarshen tafiyarsa, ya taƙaita masu ganin sawunsa ga waɗanda ya sani. Sakatare adadi kawai yake bukata, ba taswira ba. Mata da yara 'yan makaranta da ke cikin ƙungiya, kada a wallafa hanyarsu ko lokacin fitarsu ko kaɗan.

Abin da adadin zai yi muku

Amfani na farko a aljihu yake. Ku ɗauki kilomitar bukata kaɗai, domin ita ce ta maye gurbin mai ko kuɗin mota. A ce ƙungiya ta tara 24,000, kuma a ce babur ɗin da da shi za a yi tafiyar yana cin lita ɗaya a kilomita 40. Lita 600 ke nan ba a saya ba. Ku ninka da farashin lita a garinku. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, don haka kusan kilo 1,380 ne bai hau sama ba.

Na biyu a jiki yake. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mai tafiyar kilomita 6 da muka lissafa ɗazu, idan yana yin 15 a awa, minti 24 ne zuwa, 24 dawowa, minti 240 a kwana biyar. Ya cika har ya haura.

Na uku a kan keken kansa. Da yake ana rubuta ranar da aka sa taya ko sarƙa, bayan shekara ɗaya ƙungiya za ta san wace taya ce ke jure titinku, wace ce kuɗin banza. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna cin sarƙa da sauri. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sabuwar sarƙa rabin inci ne, don haka tazara 24 inci 12 ce cif. Idan rula ta nuna ta zarce da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, lokacin canji ya yi, tun kafin ta cinye haƙoran giya.

Na huɗu shi ne bakin magana. Idan kun je wurin shugaban makaranta, ko shugabannin kasuwa, ko ƙaramar hukuma kuna neman rumfar ajiye kekuna ko a cike wani rami, zuwa da takardar da ke cewa mutum kaza sun bi wannan titi sau kaza a shekara ya fi zuwa da koke. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya, lokaci ne mai kyau na kai irin wannan takarda da kuma sanar da adadin watanni biyar na farko.

Kada ku jira Janairu. Ku sayi littafi a wannan makon, ku zaɓi sakatare mai haƙuri, ku auna hanyar kowa da tayar kowa, ku ɗauki watannin da suka rage a matsayin gwaji. Idan sabuwar shekara ta kama, hannu ya riga ya saba. Allah ya tsare hanya.